Mai jego, kada ki jira sai kin ga al'ada

Yawancin matan da nake yi wa awo da goyo a baya ga ciki a gaba, ba sakaci ne ya kai su ga kwanika ba. Abin da suka taso suna ji suka riƙe, wai muddin mace tana shayarwa kuma ba ta ga jini ba, ciki ba ya shiga. Da gaskiya a cikin maganar, shi ya sa take kayar da mata da yawa.

Shayarwa tana hana ciki, amma sai abu uku sun haɗu: jariri bai cika wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Idan ukun nan sun cika, cikin mata 100 da wuya a sami fiye da 2 da za su yi ciki. To amma a gida nawa jariri ke kai wata 6 ba a ɗura masa ruwa ba? Da zarar zafin bazara ya kankama, kaka za ta ce ƙishi ke sa yaron nan kuka. Yau ruwa a cokali, gobe koko, tsotso ya ragu, jikin uwa ya koma shirin ɗaukar ciki ba ta sani ba. Abin da na fi so ki riƙe shi ne, ƙwai yana fita kimanin mako 2 kafin jini ya zo. Mai jiran jini domin ta fara tazara, ciki na iya riga shi zuwa. Wadda ba ta shayarwa kuwa tana iya ɗauka tun ba ta gama wankan jego ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin. Dalilin muna ganinsa a ɗakin haihuwa. Ki ja fatar idon uwar da ta yi kwanika ƙasa, sai ki tarar fari fat, domin jinin da ta zubar bai dawo ba ta sake ɗaukar wani nauyi. Na cikin yakan zo bakwaini ko ɗan ƙarami, na bayan kuma a yi masa yayen gaggawa bisa tsoron wai nonon mai ciki yana sa zawo. Ba ya sa shi. Yayen ba shiri da abinci marar tsabta ne ke kwantar da yaro.

Mai shayarwa tana da zaɓi. Ashanar hannu ana iya sa ta tun kafin a sallame ki, Implanon shekara 3, Jadelle shekara 5. Robar mahaifa mai jan ƙarfe tana kai shekara 10, ana sa ta cikin awa 48 da haihuwa ko bayan mako 4. Allurar wata 3 daga mako 6 take farawa, akwai ma Sayana Press da za mu koya miki ki riƙa yi wa kanki a gida. Ƙwaya iri biyu ce, ta masu shayarwa daban take, saboda haka kada ki aiki yaro kemis ya sayo kowace. Kwaroron roba kuma shi ne ke haɗa tazara da kariya daga cututtukan sanyi.

Ba na ɓoye wa mace abin da za ta gani. Allura da ashana suna rikita al'ada: ɗigo-ɗigo, ko ta daɗe, ko ta ɗauke gaba ɗaya. Jinin ba taruwa yake a mara ba, jiki ne bai shirya shi ba tun farko. Allura takan jinkirta samun ciki na wasu watanni bayan an daina, wani lokaci har shekara, amma ba ta kashe mahaifa. Ashana da robar mahaifa kuwa, ana cirewa haihuwa ta dawo. Yana yi mini ciwo in ga mace ta watsar da tazara saboda ɗigon da muke da maganinsa.

Maigida, wannan magana har da kai. Rako ta, ka ji da kunnenka, ka yi tambayarka, ba wanda zai ce ka rage zuriya. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta.

Rigakafin jariri na mako 6 yana faɗowa daf da arba'in. Ranar, bayan an yi masa allura, ki tsaya ki ce kina son maganar tazara. Za mu auna hawan jininki, mu tabbatar babu ciki, mu tambaye ki ko kina shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya, domin wasunsu suna rage ƙarfin ƙwaya da ashana. Idan kuma bayan kin fara kika ga jini mai yawa ko ciwon mara mai tsanani, ki dawo a ranar, kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati.