Amsar Tambaya: In ɗaure cinyata da roba?

Tambaya: Malam, ni ɗan kabu-kabu ne a Matsinkai, ina jigila zuwa Tsamiya. Na karye a ƙafa, ɗori ya kama, amma cinyar ta rame. Na ga a waya ana ɗaure cinya ana motsa jiki don tsoka ta dawo. In gwada da roba?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Don Allah kada ka taɓa robar nan.

Dabarar da ka gani a waya gaskiya ce. Wani Bajapane, Yoshiaki Sato, ya faro ta a 1966, ana kiranta Kaatsu. Ana naɗa ɗamara mai iska, irin ta awon hawan jini, a gindin cinya, ta rage gudun jini ba tare da ta tsayar da shi ba. Tsoka sai ta gaji da wuri, ta ginu da nauyi kaɗan, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na abin da mutum ke iya ɗagawa. Wannan ne amfaninta ga ƙashin da bai gama ƙwari ba.

Sai dai ana auna matsin ne ga kowane mutum, roba kuwa ba ta da awo. Tana iya lalata jijiya ta bar ƙafa da sanyi. Mai sikila, mai hawan jini da wanda jini ya taɓa daskare masa a jijiya su nisance ta.

Ka je sashen gashin ƙashi na Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, a fara ɗaukar hoton ƙafar. Kafin nan, kana kwance ka miƙe ƙafar, ka ƙanƙame tsokar cinya na daƙiƙa biyar, ka saki, sau goma, safe da yamma.