NAZARI: Dabarun Fatsar Kifin Bas da Kasuwar Koton Roba a Amurka

Kifin bas mai faɗin baki ɗan asalin gabashi da tsakiyar Amurka ta Arewa ne, kuma yana cikin kifayen tafki da kogi waɗanda masu fatsa don nishaɗi suka fi farauta a ƙasar Amurka. A kan wannan kifi ne aka gina babbar kasuwa ta ƙugiyoyi da kirtani da koton roba da ƙananan jiragen ruwa. Sai dai kuma, duk wanda bai san halin kifin ba, to, tsadar koton da ya saya ba za ta amfane shi da kome ba.

Halin kifin

Bas mai cin 'yan'uwansa kifaye ne, kamar giwan ruwa. Yakan laɓe a inuwa, ko cikin ciyawa, ko jikin kututturen da ya nutse, har sai ƙaramin kifi ko kwaɗo ya gitta, sa'annan ya kai masa cafka. Bayan sanyin hunturu, idan ɗumin ruwa ya kai kimanin digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin salshiyos, namijin yakan share gurbi kusa da gaɓa, inda macen za ta saka ƙwai, shi kuma ya tsaya gadi. Idan zafi ya tsananta kuwa, sai kifin ya koma inuwa ko wuri mai zurfi. Saboda haka aikin farko na mai fatsa shi ne gano maɓuyar, kafin ya taɓa akwatin koto.

A tafkuna

Ƙananan tafkunan gonaki suna da yawa a kudancin Amurka, musamman tun bayan binciken da Homer Swingle ya gudanar a garin Auburn na jihar Alabama daga shekarun 1930, wanda ya nuna yadda ake haɗa bas da ƙananan kifayen da zai riƙa ci a tafki ɗaya. A irin wannan ruwa, ƙarar taku da inuwar mutum suna korar kifi. Don haka akan tafi a hankali, a jefa koto ya bi tsawon gaɓa, domin a nan ciyawa take.

Da asuba da kuma almuru, akan yi amfani da koto mai yawo a saman ruwa, mai siffar kwaɗo. Idan rana ta take, sai a koma ga tanar roba. Akan cusa tsinin ƙugiya cikin jikin robar, a sa 'yar dalma a gabanta, ta yadda za ta ratsa ciyawa ba tare da ta sarƙe ba. Ana jan ta sannu a hankali a ƙasan ruwa, ana tsayawa jefi-jefi, domin sau da yawa kifin yakan kama ne lokacin da koton ke nutsewa.

A gefen matsayar jiragen ruwa

Dandamalin katako da ake ɗaure jirage a jikinsa yana tara abu biyu: inuwa da abinci. Gansakuka takan fito a jikin turakunsa, ƙananan kifaye su zo ci, bas kuma ya biyo su. Dandamalin da ya yi kusa da fuskar ruwa, kuma yake dab da wuri mai zurfi, ya fi tara manyan kifaye.

Dabarar a nan ita ce jifa ta gefe, yadda koton zai yi tsalle a kan ruwa kamar fallen dutse, ya shige can ƙarƙashin katako. Koton da ya dace shi ne ƙugiya mai kan dalma da gezar roba. Wajibi ne kuma kirtanin ya zama mai ƙwari, domin kifin yakan naɗe shi a jikin turke.

Zaɓen koto

A ruwa garau, akan zaɓi launi mai kama da na halitta, kamar kore ko ƙasa-ƙasa. A ruwa mai gurɓi kuwa, baƙi ko launi mai haske sosai ya fi, tare da koto mai faranten ƙarfe masu juyawa, domin kifin yana jin girgizar ruwa da jikinsa. Haka kuma, idan ruwa ya yi sanyi, ƙaramin koto da ja a hankali sun fi dacewa. Ke nan iri huɗu ko biyar sun wadatar da mai farawa.

Ɓangaren kasuwanci

A 1936 ne Lauri Rapala, wani masunci a ƙasar Finlan, ya sassaƙa koto mai siffar ƙaramin kifi, wanda kamfanin Rapala ya samo asali daga gare shi. A 1949 kuma Nick Creme na jihar Ohayo ya fito da tanar roba. Ray Scott ya kafa ƙungiyar B.A.S.S. a 1968, aka fara gasar Bassmaster Classic a 1971, daga bisani al'adar mayar da kifi ruwa da ransa ta bazu.

Bugu da ƙari, wata dokar 1950 ta ware harajin kashi 10 cikin 100 da ake karɓa a kan kayan fatsa domin raba wa jihohi su kula da ruwaye da kifayensu. Ta haka cinikin koto yake ciyar da kifin da ya haifar da shi.

Amma akwai gargaɗi ga masu sha'awar kai wannan kifi wasu ƙasashe: ɓarnar da ya yi wa kifayen gida a Japan ta sa hukuma ta sanya shi cikin jerin baƙin halittu masu cutarwa a 2005.