Darasi na 12: Wa Mai Ciwon Baya Zai Fara Gani?

Duk wanda ya taɓa yin huɗa tun hantsi har azahar ya san ciwon baya. Mace mai ɗauko ruwa daga rafi ta san ciwon wuya. Tsoho kuwa gwiwa ce ke hana shi tashi. Yau za mu karanta dabarar da mutanen Ingila suka yi saboda masu irin wannan ciwo.

A Ingila kowace unguwa akwai ɗakin likita. Tun 1948 gwamnati ke ɗaukar nauyin, majiyyaci ba ya biya in ya ga likita. Kowane irin ciwo, nan ake fara zuwa. To, masu ciwon baya da gwiwa da kafaɗa sun yi yawa ƙwarai, wajen mutum ɗaya cikin biyar na masu zuwa. A da likita yakan duba mutum, ya ba shi ƙwaya, sa'an nan ya rubuta masa takarda zuwa wurin likitan gashi. Sai a yi ta jira, mako bayan mako, aiki yana kwance.

Ku lura da kalmar nan, gashi. Rubutu ɗaya ne da gashin kai, amma ba shi muke nufi ba. Muna nufin gashin ƙashi, watau aikin wanda ya karanci ƙashi da gaɓoɓi da jijiyoyi. A asibiti za ku ji ana ce masa fisiyo.

Tun 1977 aka yarda likitan gashi ya duba mutum ba tare da takardar wani likita ba. A 2019 hukumar lafiyar Ingila ta sa a shirinta cewa a riƙa ajiye shi cikin ɗakin likitan unguwa. In mutum ya ce wa akawu bayansa ke ciwo, sai a tura shi wurinsa kai tsaye. Yana iya sawa a ɗauki hoton ƙashi. Tun 2013 waɗanda suka ƙaro ilmi suna rubuta magani da kansu. Tun 2022 kuma yana ba ma'aikaci takardar hutun rashin lafiya.

Kada ku zaci aikinsa gashi da ruwan zafi ne kaɗai. Yakan fara da tambaya: yaushe ciwon ya soma, wane aiki kake yi? Ya sa ka sunkuya, ka miƙe, ka ɗaga ƙafa. Sa'an nan ya koya maka motsin da za ka riƙa yi a gida. Yawancin ciwon baya yakan lafa cikin mako 6. Kwanciya kwana da kwanaki ba ta warkar da shi, sai ta ƙara sandarar da jiki.

A ganinmu babban aikinsa shi ne ya gane ciwon da ba na gajiya ba, ya tura mai shi gaba da sauri. In ciwon baya ya zo da zazzaɓi da rama, yana iya zama tarin fuka ne ya shiga ƙashi. In ƙafafu sun yi sanyi ba ƙarfi, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓi, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa kuɓucewa, jijiya ce ta danne. Wannan ba ya kwana. Jinkiri yana iya gurgunta mutum har iyakar ransa.

A Nijeriya an fara aikin gashi a asibitin Igbobi a Legas a 1945, akwai shi kuma a asibitin ƙashi na Dala a Kano. A ƙauye ba mu da shi kusa, maɗori muka fi sani. Amma wanda ya faɗo daga itace bayansa ya bugu, ko aka ga ɗaya daga alamun nan, kada a murza shi, kada a ja shi. A kwantar da shi a kan abu mai ƙarfi, kamar ƙyaure, a kai shi asibiti a ranar.

Malami zai rubuta alamun a allo. Kowa ya kwafa a littafinsa, ya karanta wa mutanen gidansa.