Gilashin Kyamara Marar Zum: Shawarwari Kafin Ku Fitar da Kuɗi

Daga Fadan Kagoma zuwa Kafanchan, gidaje da dama na da kyamarar Canon ko Nikon kwance a jaka. Wata ɗan gida ne ya aiko da ita daga Abuja, wata kuma saurayi ne ya saya da kuɗin citta don ya kama sana'ar hoto. Kusan dukkansu da gilashi iri ɗaya suka zo, mai zum, an rubuta 18-55 a jikinsa. Da rana a tsakar gida ba shi da laifi. Amma da an shiga coci ko falo, ko magariba ta kawo jiki a wajen biki, sai hoto ya fito da duhu ko dishi-dishi, har a fara cewa wayar hannu ta fi. Kyamarar lafiyarta ƙalau, gilashin ne ba ya shigar da isasshen haske. Magani mafi araha shi ne gilashi marar zum, mai lamba ɗaya tak: 24, ko 35, ko 50. Duk mai hoton da kuka tambaya zai ce ku sayi 50. Kada ku yi saurin amsawa.

1. Ku san abin da kuɗinku zai saya muku. Haske ne. A jikin kowane gilashi akwai lamba mai harafin f, ita ke nuna iyakar buɗewar ƙofar haskensa, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Gilashin 18-55, idan an ja shi zuwa 55, ba ya wuce f/5.6. Na 50 mai f/1.8 yana shigar da kusan ninki goma na wannan hasken. Wato inda tsohon zai buƙaci kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, lokacin da ya ishi hannu ya yi rawa yaro ya juya kai, sabon zai gama cikin kashi ɗaya cikin ɗari. Ƙari a kan haka, bayan mutum yana narkewa, tulin kujerun roba da janareta su ɓace, fuska ta fito sarai. Abin da za ku rasa shi ne zum. In kuna son kusa ku taka, in kuna son faɗi ku ja da baya.

2. Ku auna ɗakinku tukuna. Nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Sunan da 50 ya yi tun zamanin fim ya yi shi, lokacin da faɗin fim ɗin milimita 36 ne. Kyamarorin da ke hannunmu, irin su Canon 600D, 1300D, 2000D, 4000D, da Nikon D3200, D3500, D5300, abin da ke karɓar hoto a cikinsu bai kai haka ba, milimita 22 zuwa 24 ne. Don haka tsakiyar hoton kawai suke yankowa. A Canon ana ninka lambar gilashi da 1.6, a Nikon da 1.5, sai 50 ya koma kamar 80 ko 75.

Ga yadda abin yake a ƙasa. Ku tsaya mita uku daga bango da 50 a kan ƙaramar Canon, faɗin da zai shiga hoto mita ɗaya ne da 'yan kai, mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, daga ƙugu zuwa sama. In kuna son amarya tsaye daga gwaggwaro har takalmi, sai kun ja baya wajen mita huɗu da rabi, kuma kun tsai da kyamarar a tsaye. Ɗakin ƙafa sha biyu da magina suka saba yi mana bai kai mita huɗu ba, ga gado ga kujeru. 'Yan Zumuntar Mata goma a jere cikin ankonsu kuwa sai kun ba su tazarar mita goma ko fiye, kuma kafin ku latsa yara uku sun gifta ta tsakani. A wannan tazarar ta mita uku, 35 a kan Nikon yana ɗaukar faɗin mita biyu, 24 a kan Canon kusan mita uku.

Saboda haka in aikin gidan suna ne, zagayowar ranar haihuwa, cin abincin Kirsimeti ko na Sallah a falo, ku nemi 24 ko 35. In hoton mutum ɗaya ne ko biyu a waje, ɗalibi ranar yaye a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ango da amarya a gindin bishiya, to 50 ba shi da na biyu a farashinsa.

3. Ku gwada kyauta. Gilashin 18-55 ɗin yana da lambobin 24 da 35 a zobensa, 50 kuma daf da 55 yake. Ku juya zuwa ɗaya, ku manne zoben da salatif, ku yi hoton mako guda a haka. Lambar da ba ta sa kuka ɓalle salatif ɗin ba, ita ce taku.

4. Baki ya dace da baki. Gilashin Canon ba ya hawa Nikon, wannan kowa ya sani. Tarkon yana cikin gida ɗaya. Nikon na riƙe da baki iri ɗaya a kyamarorinsu masu madubi tun 1959, don haka tsohon AF 50mm f/1.8D na 2002 zai ɗauru tsaf a kan D3100 ko D5300, kuma ya fi araha, shi ya sa 'yan kasuwa ke turo shi. Sai dai ba shi da inji a cikinsa, waɗannan kyamarori su ma ba su da injin da za su juya shi, sai ku riƙa saita fokas da hannu a kowane hoto. A kan D90 ko D7000 yana aiki daidai. Masu jerin D3000 da D5000 su nemi mai rubutun AF-S. A ɓangaren Canon, gilashin EF yana hawa duk kyamarorinsu masu madubi tun daga 1987, EF-S kuwa na ƙananan ne kaɗai, ba zai hau 5D ko 6D ba. Sababbin marasa madubi, Canon R da Nikon Z, bakinsu daban ne, sai da adafta, kuma kuɗin adaftar kan ci ribar arahar.

5. Ku riƙe sunayen nan, ku rubuta a takarda. Mai Nikon ƙarama: AF-S DX 35mm f/1.8G na 2009. A ganina babu gilashin da ya kai shi amfani ga gida ɗaya mai kyamara ɗaya, ɗaki da waje duk yana yi. Ya fito a kan dala 200. Mai Canon: EF 50mm f/1.8 STM na 2015, wanda ya fito a kan dala 125 da ɗoriya, ko EF-S 24mm f/2.8 STM na 2014, siriri, nauyinsa giram 125. Na 24 ɗin bai kai f/1.8 haske ba, amma ya fi 18-55, kuma falo ba ya yi masa kaɗan. Canon na da tsohon 50 mai alamar II da ya fito a 1990, bakinsa roba ne, yana ƙara in yana neman fokas, kuma faɗuwa ɗaya kan raba shi biyu. Hotonsa dai mai kyau ne. In bambancin kuɗin ba yawa, ku ɗauki STM: bakin ƙarfe, shiru wajen bidiyo, yana matsawa har santimita 35. Tun da aka saki naira a 2023 farashin shago ya daina zama wuri ɗaya, don haka ku lissafa da canjin ranar, ku kira shaguna biyu ko uku a Banex ta Abuja ko Computer Village ta Ikeja kafin ku aika kuɗi.

6. Ba kowane hoto ake buɗe f/1.8 ba. Sabon mai gilashi yakan bar shi a buɗe safe da yamma, sannan ya dawo yana cewa an sayar masa da jabu. Da 50 a f/1.8, mutum na tsaye mita biyu, abin da zai fito tas bai fi zurfin santimita 11 ba. Idon kaka ya fito, jikan da ke kan cinyarta ya dushe. Mutum biyu ku koma f/2.8, layi biyu f/5.6, taron dangi f/8. Kuma yawancin gilasan nan ba su da abin da ke rage rawar hannu, don haka kada saurin ɗauka ya sauka ƙasa da 1/100 a kan 50.

7. Na hannu ya halatta, amma da ido. Ku tafi da kyamararku da cajin batir. Ku cire murafen biyu, ku haska tocilar waya ta baya, ku leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba ta hana komai, kowane gilashi na da ita. Abin gudu shi ne farin zare-zare mai rassa, funfuna ke nan, ko hazo da ya lulluɓe ciki. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa. Ku ɗaura, ku sa fokas ya je kusa ya je nesa sau da dama, ku saurara ko yana sarƙewa. Ku ɗauki shafin jarida manne a bango a f/1.8, ku faɗaɗa hoton: in gefe ɗaya ya fito ɗaya ya dushe, gilashin ya taɓa faɗuwa. Ku ɗauki wani a f/16 don ku tabbatar ƙofar na rufuwa. Wanda ya ce ku biya kafin ku gani, ya turo ta mota zuwa tashar Kafanchan, sai in kuna da ɗan'uwa a can da zai yi muku wannan dubawar.

8. Na Sin fa? Yongnuo na yin 50mm f/1.8 na Canon da na Nikon, wajen rabin kuɗin na asali. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma wannan yana ɗan yi. Ga gida da ke ɗaukar yara ranar Lahadi ya wadatar. Ga wanda zai karɓi kuɗin mutane ya ɗauki ɗaurin aure, fokas ɗinsa na yawan kuskure a wuri mai duhu, kuma ba a maimaita sa zobe. Na asali na hannu ya fi shi sabo.

9. Ku ware ɗan kuɗi don ajiya. Yankinmu ya haɗa abokan gaba biyu. Hunturu na kawo ƙura, damina kuma a nan ta fi ta Kano tsawo da laima, watan Agusta bango kansa gumi yake yi. Gilashin da aka kulle a jakar fata a ƙasan gado daga Yuni zuwa Oktoba zai fito da funfuna. Ku sami robar abinci mai murfi mai kamawa, ku zuba ƙananan ƙunshin silika da ke zuwa cikin kwalin takalmi da na magani, ku riƙa shanya su a rana lokaci-lokaci. A hunturu kada ku canza gilashi a waje, in ya zama dole ku kifa bakin kyamarar ƙasa. Kada a goge da gefen riga: a hure ƙurar da 'yar robar hurawa, sannan a shafa ƙyallen tabarau. In za ku sa filta ku duba girman, 49 ne a Canon 50 STM, 52 a Nikon 35.

10. Kada ku sayar da 18-55 ɗin. Ranar 1 ga Janairu a bikin Afan na Kagoro, ko Tuk Ham a Kwoi, ko hawan Sallah a Kafanchan, cunkoso ba zai bar ku ku matsa gaba ko baya ba, hasken rana kuma ya wadata, nan zum ya fi. Haka a ruwan Matsirga, sai 18 ne zai haɗa muku dutsen da ruwan da mutanen da ke ƙasa, a f/8, ku kuma riƙe ƙyalle a aljihu saboda feshi.