Darasin Sana'a: Daidaita Ƙofa da Fenda a Tsohuwar A-kori-kura

A ƙauyuka da yawa, a-kori-kura ce ke kai hatsi da dabbobi da mutane kasuwa. Wasu daga cikin motocin nan tsofaffin Peugeot ne, wato Fijo, ƙirar 404 da 504. An fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a shekarar 1975. Idan irin wannan mota ta tsufa, akan kwance jikinta a kankare tsatsa, a yi walda, sannan a mayar. Wurin mayarwar ne aikin ya fi ɓaci.

Me ya sa ake kula da tazara?

Tsakanin ƙofa da fenda akwai ɗan fili. Fenda ita ce ƙarfen da ya rufe saman tayar gaba. Idan filin ya yi faɗi, ruwan sama da ƙura za su shiga, tsatsa ta dawo. Idan ya matse, ƙofa za ta riƙa gogar fenda tana ɓare fenti. Ƙofar da ba ta zauna daidai ba kuwa ba ta kamawa sosai. Tana iya buɗewa a kan hanya alhali akwai fasinja a jikinta.

Tazarar da ake so ita ce milimita 4 zuwa 5, wato kamar tsinken ashana biyu a haɗe. Kuma ta zama ɗaya daga sama har ƙasa.

Yadda ake aikin

1. A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, iskar tayoyi ta zama daidai. Idan ƙashin motar ya lanƙwashe saboda haɗari, shi za a fara miƙewa.

2. A fara da ƙofa. A buɗe ta, a ɗaga bakinta da hannu. Idan tana motsi sama da ƙasa, hinjinta ya cinye, sai a sake shi tukuna.

3. A daidaita ƙofa da ginshiƙin da ke bayanta da dokin ƙofa na ƙasa, domin su ba sa motsi. A yi haka da gilashi a cikinta, saboda nauyinsa yana sa ta ɗan sauka.

4. Sai a ɗora fenda, a daidaita ta da ƙofa. A sa duk notuna amma kada a ɗaure su tamau. Inda fenda ta yi ƙasa, a sa washa a ɗaga ta.

5. Bonet ne na ƙarshe. Tazararsa ta dama ta yi daidai da ta hagu, kuma makullinsa ya kama sosai don kada iska ta ɗaga shi ana cikin tafiya.

6. A yanki kwali mai kaurin da ake so, a bi kowace tazara da shi. A shafa tafin hannu a kan mahaɗar, kada a ji wani gefe ya fi wani tudu. Daga nan sai a ɗaure notuna ɗaya bayan ɗaya, ana sake aunawa.

Duk wannan kafin fenti ake yin sa. Wanda ya yi gaggawar fesa fenti, idan ya zo gyara tazara sai ya kankare shi, ya biya kuɗi sau biyu. Sannu ba ta hana zuwa. Mai mota ma yana da haƙƙin ya buɗe kowace ƙofa ya rufe, ya duba da idonsa kafin ya yarda a fesa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake fara daidaita ƙofa kafin fenda?
2. Milimita nawa ake so tazara ta kasance?
3. Wace asara ke cikin yin fenti kafin a gama aunawa?