Ba a Gama da Halinku Ba Tukuna

'Ya'yana, akwai maganar da nake yawan ji a bakinku idan an yi muku faɗa kan zafin rai ko saurin baki: "Baba, haka Allah ya yi ni." Wani ma sai ya ƙara da cewa hali zanen dutse ne. Masu karin maganar sun san ɗan Adam, domin da ƙarfin kansa ba ya iya kankare halinsa. Amma ku an yi muku baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma aikin Ruhun nan a cikinku shi ne ya sāke abin da kuka ɗauka ba ya sākuwa.

Ku buɗe wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Galatiyawa, sura 5. Ya lissafta abubuwa tara da Ruhu yake haifarwa a zuciyar mai bi, ya fara da ƙauna ya rufe da kamunkai. Ku duba su da kyau, kusan dukansu a gida da kasuwa ake gane su. Haƙuri sai an ɓata maka rai ake saninsa, aminci kuma sai an ba ka ajiya. Ina murna da kwanan addu'ar da kuke yi, waƙoƙinku suna shiga raina ƙwarai. Sai dai yaron da ya kwana yana addu'a daren Juma'a, ya wayi gari ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya don ta aike shi ɗiban ruwa, akwai sauran aiki a kansa.

Wasunku suna tambayata yadda mutum zai gane Ruhu ne yake bi da shi. Ke 'yata mai zama a rumfar POS, ga tsohuwa ta kwance kuɗi daga bakin zanenta ta ce dubu goma ne, a tura wa jikanta a makaranta. Kika ƙirga, kika ga sha ɗaya. Ta riga ta juya, tana gyara gammo tana shirin ɗaukar kayanta. A ɗan tsakanin nan, kafin ta kai bakin titi, za ki ji abu ya tsaya miki a zuciya, ba da tsawa ba, yana ce miki kira ta. Idan kika ce, "Iya, dawo, kuɗinki ya yi yawa," gobe za ki fi jin muryar nan sarai. Idan kika yi shiru kika zura takardar cikin jaka, jibi muryar za ta yi miki nisa. Abin da Bulus ya ja wa Tasalonikawa kunne a kai ke nan, kada su danne aikin Ruhu. Haka yake da saƙon da ya faɗo wayarka da tsakar dare, mai hotuna masu tayar da hankali da zagin wasu mutane, yatsanka yana ƙaiƙayin turawa gaba. Dakata ka tambayi Ubangiji tukuna.

Kada kuma ku karaya don kun ga canjin yana tafiyar hawainiya. Ku tuna da Fasto James Wuye na Kaduna. Yana matashi shugaban 'yan gaba-dai-gaba-dai ne a ɓangaren Kirista, har ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992. A rikicin nan ne Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, suka fara aikin sasanta Musulmi da Kirista tare. Amma Fasto Wuye da bakinsa ya faɗa cewa ya yi shekaru yana tafiya da Imam, suna kwana ɗaki ɗaya a wurin taro, zuciyarsa tana raya masa ya halaka shi. Mai bi ne a lokacin, yana wa'azi, duk da haka ƙiyayyar tana nan a ƙasa. Sai da wani bawan Allah ya tunatar da shi cewa ba a shelar Almasihu da ƙiyayya a zuciya, sannan abin ya fara narkewa. Fasto Wuye da Imam Ashafa ne suka je suka taimaka aka yi sulhu a Yelwa da Shendam bayan kashe-kashen 2004. Ko Manzo Bitrus, bayan ranar Fentikos da dukan abin da Allah ya yi ta hannunsa, tsoron mutane ya sa ya janye daga cin abinci da al'ummai a Antakiya, har Bulus ya tsauta masa a gaban jama'a. Allah bai yar da shi ba, ya ci gaba da aiki a kansa.

Abin da nake roƙonku ba mai yawa ba ne. Kafin hannunku ya kai ga waya da safe, ya fara kaiwa ga Littafi Mai Tsarki. Tun 1932 muke da shi cikakke da Hausa, bayan wahalar shekaru da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Iyayenmu da fitilar aci-balbal suka koyi karanta shi, suna bin layi da yatsa. Ku karanta ko da ayoyi kaɗan ne, ku faɗa wa Ubangiji sunan mutumin da kuka san zai gwada haƙurinku a ranar, ku roƙi taimako a kansa. Karatun nan ne kuma zai tsare ku daga ruɗu, gama Ruhu ba zai taɓa ce muku ku yi abin da Maganar Allah ta hana ba, ko da wani ya zo muku da mafarki ko annabci.

Da dare, kafin barci, ku waiwayi yinin. In kun ga kun ɓata wa wani, kada ku tsaya ga neman gafarar Allah kaɗai, gari na wayewa ku je ku same shi ku ce, "Na yi maka laifi, ka yafe mini." Na san yana da nauyi a baki, musamman in wanda za a ba haƙurin ƙani ne ko yaron shago. Wanda ya ji ba zai iya zuwa shi kaɗai ba, ya nemi dattijo a ikilisiya ko wata uwa daga Zumuntar Mata ta raka shi. Ni ma ina nan bayan sujadar Lahadi, ku zo mu yi addu'a tare kafin ku tafi.