Ɗalibin da Ba Ya Jin Malami Sosai

A shekarar 1994 ƙasashen duniya suka amince a taron Salamanka, cikin ƙasar Sifen, cewa yara masu buƙata ta musamman su yi karatu tare da sauran yara. Sai dai malamin da aka horar don aji na gama-gari yakan sami kansa gaban yaron da bai san yadda zai yi da shi ba. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne mai raunin ji. Shi ba kurma ba ne, yana amsa kira, amma rabin darasi na wuce shi. Sau da yawa sai a ce masa daƙiƙi ko mai taurin kai, har ya sha bulala.

Sanƙarau da ƙyanda da hangum da ciwon kunne mai fitar da mugunya duk suna iya rage ji. Abin da yakan fara ɓacewa shi ne siraran sautuka irin su “s” da “sh” da “f”, alhali wasula na nan daram. Saboda haka yaron na iya jin “fata” a inda malami ya ce “sata”.

Nisa ma yana da nasa tasiri. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Maganar yau da kullum takan kai kimanin desibel 60 a nisan mita 1. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, sautin kan ragu da kimanin desibel 6, wato 54 a mita 2, 48 a mita 4, 42 a mita 8. Idan aka haɗa da hayaniyar aji mai cunkoso da rugugin ruwan sama bisa kwano, muryar malami ta nutse ke nan kafin ta kai bencin baya.

To, mene ne abin yi? Malami ya zaunar da yaron a gaba. Kada ya yi bayani yana fuskantar allo, domin yaron na karanta leɓɓansa. Ya rubuta muhimman kalmomi, ya kuma maimaita amsar da wani ɗalibi ya bayar daga baya. Ihu ba ya taimako, gurɓata sauti yake yi. Daga nan ya shawarci iyaye su kai shi asibiti a auna jinsa.

Aiki: ka tsaya a bayan ɗalibi, ka faɗi kalmomi 10 a hankali, ya maimaita. Ka gwada daga mita 1, sa'an nan daga mita 4, ka kwatanta sakamakon.